Akawun da ya koma lissafi da kunne: nazarin wani lamari a Garwa

Mutumin da wannan rubutu ya shafa akawu ne, Bahaushen Garwa, shekarunsa sun ɗan haura 45. Ba zan kama sunansa ba. Malam ake ce masa a kasuwa, ni ma haka zan kira shi. Ya daɗe yana riƙe da littafin wani Alhaji mai fataucin albasa, wanda ke saye a gonakin bakin kogin Binuwai da wajajen Pitowa, ya cika manyan motoci su gangara Yawunde da Duwala. Buhu nawa aka ɗaure, wane manomi aka ba kafin alƙalami, wane direba ya tashi da wace mota, nawa 'yan dako suka karɓa, wa ake bi, wa ke bi, duk a hannun Malam suke. Ya yi allo, ya yi boko da Faransanci har sakandare, yana jin Fulatanci ciki da waje. Amma Hausa ce ta gida, ita ce kuma ta ciniki.

Hawan jinin ido ne ya raba shi da ganinsa. Ciwo ne mai sanɗa: ruwan cikin ido ya ƙi fita yadda ya kamata, matsi ya ƙaru, jijiyar gani ta riƙa mutuwa a hankali, galibi ba zafi ba ja. Daga gefe yake fara ci, shi ya sa mutum zai iya karanta ƙaramin rubutu alhali yana tuntuɓe da kujerar da ke kusa da shi. Ya fi kama baƙar fata, yana kuma bin dangi. Tsakaninsa da yanar ido akwai nisa: yana, a yi aiki a cire ta, gani ya dawo, abin da hawan jinin ido ya ci kuwa ya tafi ke nan, maganin ɗigawa da tiyata ragowar kawai suke tsarewa. Malam ya je asibiti a makare, bayan an gwada tozali da tofi da tabaran kasuwa. Idon hagu ya riga ya tafi, na dama kuma abin da ya rage masa bai wuce bambance rana da inuwa ba.

Ni ina da ɗan shagon buga takardu kusa da kasuwa, da yamma kuma ina koya wa samari kwamfuta. Ta nan na shiga lamarin.

Halin da gidan ya shiga

Alhaji bai kore shi ba, wannan a faɗa. Ya ci gaba da aika masa buhun masara da kuɗin cefane, littafin kuma ya koma hannun ɗan ƙanen Alhajin, saurayin da bai daɗe da gama sakandare ba. A idon unguwa an yi zumunci. A wajen Malam kuwa, mutumin da aka saba tsayuwa a bakin teburinsa ana jiran ya yanke lissafi ya koma wanda ake leƙowa a yi wa sannu.

Nauyin ya faɗa kan babbar 'yarsa, wadda ta shiga sakandare a shekarar. Ita ce jagora zuwa asibiti, ita ke karanta saƙon waya, ita ke duba takardar magani, ita ke danna masa lambar sirri idan an turo kuɗi. Ranar asibiti ba makaranta. Ranar da Alhaji ya neme shi ya tuno wani tsohon bashi, nan ma ba makaranta. Mun saba ganin yaro riƙe da sandar babba har ba ma tambayar wane aji ya baro. A gidaje da yawa asara biyu ake yi, ido ya tafi karatun yaro ya bi shi, kuma ta biyun nan muna da ikon hana ta.

Kamaru tana da doka mai lamba 2010/002 ta 13 ga Afrilu 2010 a kan kare masu naƙasa da ɗaukaka su, ma'aikatar jin daɗin jama'a kuma tana ba da katin shaida. Malam ya nema ya samu. Katin yana da ranarsa, amma ba ya karanta wasiƙa, ba ya haɗa lissafi.

Abin da manhajar ke yi

Hanyar da muka bi don Malam ya koma bakin aiki ita ce manhajar karanta allo, wato shirin da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta da murya. Ba kallon gilashin kwamfuta take yi ba. Kowane maɓalli, kowane akwatin rubutu, kowane jeri yana da suna da matsayi da masu ƙera shirin suka rubuta masa a ciki. Manhajar tana tambayo wannan bayani ne daga Windows, ta miƙa wa wata manhaja ta murya ta furta shi. Ma'aikata biyu ke nan, mai karantawa da mai furtawa, kuma a kan wannan rabuwa ce wahalar Hausa ta rataya, kamar yadda za a gani.

Wadda ta fi suna a ofisoshi ita ce JAWS, aikin Ted Henter, Ba'amurke mai tseren babur da ya makance a haɗarin mota a 1978. Ta Windows ta fito a 1995. Tana da kyau, amma ta kuɗi ce, lasisinta na ma'aikata ya daɗe yana kai dalar Amurka 1,000 ko fiye. Wadda ba a biya ba takan yi magana minti 40 ta yi gum, sai an sake kunna kwamfutar. Masu gyara a kasuwa sukan sa wa mutane ta sata, da duk cutar da ke biyo ta. Ba mu bi ta nan ba.

Wadda muka ɗauka ita ce NVDA. Wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara rubuta ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya shigo, suka kafa ƙungiyar NV Access a 2007. Kyauta ce, rubutunta a buɗe yake ga duk mai iya gyara ko ƙari, ana kuma iya ɗora ta a filashi a je da ita kowace kwamfuta. Windows na da tata mai suna Narrator, wayar iPhone na da VoiceOver tun 2009, Android kuma TalkBack.

Ba ni na kawo wannan shawara ba. Wata ɗaliba ce makauniya, 'yar Marwa, da ke karatu a jami'ar Ngaundare; yayanta na sayen albasa a wajen Alhaji, shi ya haɗa su. Saƙonta na farko na murya ne, gajere: “Baba, kada ku sayi komai tukuna. A sa muku NVDA, a ɗauke linzamin kwamfutar a ɓoye, wanda zai koya muku kuma ya rufe allon, ya ji abin da kuke ji.” Umarni na ƙarshen nan da ni take. Mai gani idan yana koyarwa, bakinsa cike yake da “danna can sama, wajen shuɗin nan”, maganar da ba ta da amfani ga wanda ake koya wa. Duk abin da ya zauna wa Malam sosai, daga bakin yarinyar nan ya fito, ta WhatsApp, da daddare bayan ta gama karatunta. Aikina shi ne girka manhaja da zama kusa da shi.

Yatsu

Kwamfutar ta hannu ce, daga Mubi aka kawo ta, madannanta a jere irin na Ingilishi, alhali Malam ya saba da jerin Faransanci inda A da Z ke farkon layi. Mai gani zai rikice da wannan. Shi kuwa abin da aka zana a kan madanni bai dame shi ba, aka saita Windows a kan jerin da ya sani aka wuce. Matsalar ita ce da can da yatsu biyu yake bugu, yana kallo. Yanzu dole yatsun nan goma su san gidajensu, daga 'yan ƙurajen nan biyu da ke kan F da J. NVDA na da wani yanayi na koyo: a danna Insert da 1, duk madannin da aka taɓa sai ta faɗi sunansa ba tare da ya aikata komai ba. A nan ya yi makonni. Da yake a jerin Faransanci sai an riƙe Shift lambobin sama ke fita, muka saya masa madannai na waje masu gidan lambobi a dama, inda 5 ke da nata ƙurji. Hannun akawu bai ɗauki lokaci ba ya gane wurin.

Abin da ya fi yatsu wuya shi ne zuciya. Ido shafi guda yake ɗauka a kallo ɗaya, kunne kuwa sai dai ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranakun da zai ture madannan ya ce, “Ni da nake haɗa shafi kafin mutum ya gama gaisuwa, yau nake jiran ƙarfe ya gaya mini inda nake.” Ba a ba irin wannan magana amsa. Ana bari ta wuce, gobe a ci gaba.

A Excel ne ya fara dawowa hayyacinsa, don teburin lissafi tsarinsa ya dace da kunne. Kowane gida yana da adireshi. Ya danna kibiya, muryar ta faɗi abin da ke ciki da inda yake, B4, B5, B6, kamar mai ƙirga buhuna a sito da daddare yana shafa su ɗaya ɗaya. Aka nuna wa NVDA layin kanun ginshiƙai da Insert da Shift da C, ta yadda duk inda ya matsa za ta ce masa wannan suna ne, wannan buhu ne, wannan farashi ne. Tarawa kuwa tsohon sani ne a wajensa.

Sai dai teburin da ɗan ƙanen Alhaji ya gina na masu ido ne zalla. Ya haɗe gidaje don kyau, ya bar layuka fanko tsakanin kwanaki, wanda bai biya ba kuma ya shafa masa ja. Manhajar ba ta faɗin launi sai an tambaye ta gida gida, layin fanko kuma yana sa mai sauraro ya zaci an kai ƙarshe. Malam ya sa aka warware haɗe-haɗen, aka buɗe sabon ginshiƙi da ake rubuta “ya biya” ko “saura”. Saurayin ya yi ƙunƙuni, yana cewa, “Baffa, ai jan ya fi saurin gani.” Da aka zo tace masu bashi a ƙarshen wata, da dannawa biyu suka fito a jere, har da wasu da jan ya tsallake.

Harshe

A cikin muryoyin da ke kwamfutar Malam akwai Faransanci, akwai Ingilishi, akwai Larabci, akwai harsuna da dama da bai taɓa jin sunansu ba. Babu Hausa, babu Fulatanci. Takardun hukuma da na banki ba su ba shi wahala ba, da Faransanci suke zuwa. Amma rabin saƙonninsa da Hausa suke, kuma murya kowace iri da ƙa'idar harshenta take karanta abin da aka ba ta.

Ga abin da muryar Faransanci ke yi wa rubutunmu. Ba ta furta h, tana maida au ya zama o, s kuma tsakanin wasula biyu ya zama z, saboda haka sunan harshen kansa “Oza” yake fita. “Gida” ya koma “jida”, “ciniki” ya koma “siniki”, “sai” ya koma “se”, u kuma ta fito da irin tsukakken bakin nan na Faransawa. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, wata muryar ta tsallake su, wata ta tsaya tsakiyar kalma tana bayanin sunansu. Mai ƙirgen kuɗi ba zai dogara da saƙon da ya ji rabinsa ba.

Sai ga wani abu da ban taɓa lura da shi ba sai da kunnen Malam ya nuna mini. Saƙonnin direbobi da dillalan Kamaru suna fita sarai, na abokan ciniki daga Yola da Kano ne ke lalacewa. Dalili shi ne mu nan da yawanmu ba a koya mana rubutun Hausa a makaranta ba, da ƙa'idar Faransanci muke rubuta ta: “koudi”, “tchiniki”, “guida”, “ina kouana”. Muryar Faransanci tana ganin wannan ta san hanya. Rubutun da masana ke kira kuskure shi ne na'urar ta iya, daidaitacciyar Hausa kuwa, ta littattafai da jaridu da shafukan BBC da RFI da DW, ita ce ta gagare ta. Wasu sun ce to shi ke nan, a gaya wa kowa ya rubuto masa irin ta Kamaru. Ban yarda da wannan ba, shi ma bai yarda ba. Yin haka zai buɗe masa saƙon direba ya rufe masa duk abin da aka taɓa bugawa da Hausa, kuma ba shi da ikon tilasta wa Bakano ya canza hannunsa.

Dabarar da ta yi aiki daga ɗalibar nan ta fito. NVDA tana zuwa da wata manhajar murya mai suna eSpeak, mai ƙarar ƙarfe amma mai sauri da harsuna da yawa, cikinsu har da Swahili. Swahili wasula biyar gare shi irin namu, yana furta h, yana da sh, yana karanta harafi yadda aka rubuta shi. Sannan NVDA na da ƙamus na furuci inda mutum zai ce duk inda aka ga kaza a furta kaza, kuma ana iya keɓe ƙamus ɗin ga murya ɗaya. Muka rubuta mata: c ya zama ch, ɗ ya zama d, ƙ ya zama k, ɓ ya zama b. Ranar da muka gwada, labarin duniya ya fito da Hausar da ake ganewa, ta baƙon da bai daɗe a gari ba.

Ba a samu wannan a banza ba. Da muka goge lanƙwasa, “baki” da “baƙi” suka zama ɗaya a kunnensa, haka “kasa” da “ƙasa”. Dama can rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu ne ke gane ko “gari” na zama ne ko na tuwo. Muryar aro ba ta da wannan sani, sai ta bi kowace kalma da kari ɗaya, jan magana ya gajiyar da kai. Lambobi kuma da Swahili take faɗa. Gomomin suna kama da namu, da yake mu da su duk daga Larabci muka aro, amma lissafin kuɗi ba ya son kama. Don haka aka raba aiki: NVDA na iya riƙe saiti daban ga kowane shiri, sai Excel ya zauna da muryar Faransanci, karatun Hausa kuma ya kira ɗayar. Maida “deux cent mille” zuwa jaka ɗari biyu kuwa abin da yake yi ne a ka tun yana saurayi.

Ina so a fahimci girman abin. Hausa tana cikin manyan harsunan Afirka, masu jin ta miliyoyi ne masu yawa daga Nijar da Nijeriya har Kamaru da Cadi da Gana da Sudan, amma akawun Garwa da muryar Swahili yake karanta saƙon ɗan'uwansa. Kuma ba wai abin ya fi ƙarfin ilimi ba ne. Google Translate ta sa Hausa tun 2013. Shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin masu sa kai da Hausa. A 2023 kamfanin Meta ya fitar da samfuran murya na harsuna sama da 1,100, da Hausa a ciki. Sai dai muryar da makaho ke bukata tana da sharuɗɗanta: ta amsa nan take da an taɓa madanni, ta yi aiki ba intanet, ta zauna a tsohuwar kwamfuta, a iya ƙara mata gudu ba ta dagule ba, ta iya harafi ɗaya ɗaya da lambobi da kwanan wata. Wannan aiki ne na masanin sautin Hausa da mai rubuta manhaja da makafin da za su gwada su ce nan ya yi, nan bai yi ba. Akwai masana harshe a jami'o'in Marwa da Ngaundare, akwai su a Bayero ta Kano da ta Abdu Mumuni a Yamai, NVDA kuma ƙofarta a buɗe take ga duk wanda ya kawo murya.

Ɗalibar ta so ya koyi rubutun makafi na ɗigo shida, wanda Louis Braille ya buga a 1829. Hujjarta ita ce kunne ba ya koya wa mutum yadda ake rubuta kalma. Gaskiya ta faɗa, kuma yaron da ya makance tun yana ƙarami bai kamata a ba shi murya kawai a hana shi wannan rubutu ba. Malam kuwa ya riga ya san haruffansa da ido, ya ce a bar shi da abin da zai maida shi bakin aiki a wannan kaka.

Takardar da ta zo a hoto

A wajen ido rubutu iri ɗaya ne, a wajen manhaja kuwa iri biyu ne. Akwai wanda aka buga da madannai, wannan tana karantawa. Akwai hoton takarda, wannan a wajenta fanko ne, ko da an sa shi a PDF an ba shi suna mai kyau. Mu kuwa a nan kusan komai a hoto yake yawo: rasit, takardar lodi, sanarwar makaranta, katin ɗaurin aure, har jadawalin azumi. NVDA na iya gwada gane haruffan hoto da Insert da R, kuma idan bugun inji ne mai tsabta takan yi ƙoƙari. Rubutun hannun direba a kan gwiwa, da aka ɗauka a hasken fitilar mota, ya fi ƙarfinta.

Maganin wannan bai fito daga kwamfuta ba, daga bakin Alhaji ya fito. Ya tara direbobi da dillalai ya ce daga yau duk wanda ya turo hoton takarda ya biyo shi da saƙon murya: buhu nawa, kuɗi nawa, wa ya karɓa. Da yake 'yan kasuwarmu dama sun fi son magana a kan rubutu, ba wanda ya ji nauyin abin. Ya zama kuma kowane lodi yana da shaida biyu, ta takarda da ta bakin mai ita, gardamar “ban ce haka ba” ta ragu.

Shafukan intanet su ne ba su da Alhajin da zai tsawata musu. Akwai ƙa'idojin duniya na gina shafin da kowa zai iya amfani da shi, WCAG, da ƙungiyar W3C ta fara fitarwa a 1999. Shafin da ya bi su, Malam na danna H ya yi tsalle daga kanu zuwa kanu, ya gama da shi kafin ni. Wanda bai bi ba sai muryar ta yi ta cewa “maɓalli, maɓalli, maɓalli”, ba suna ba bayani. Akwai wani shafin biyan kuɗi da dole ya shiga duk wata. Yana cike komai da kansa, a ƙarshe a ce ya kwafi karkatattun haruffan da ke cikin hoto don a tabbatar shi mutum ne. A nan sai ya kira wani. Akwai Be My Eyes, manhajar da aka fara a Denmak a 2015, mai haɗa makaho da ɗan sa kai ta kyamarar waya, amma akawu ba ya nuna wa baƙo shafin kuɗin maigidansa.

Waya, kuɗi da sirri

Wayarsa Android ce mai sauƙin kuɗi, irin ta kowa. Aka kunna TalkBack, aka saita ta yadda riƙe madannan nan biyu na ƙara sauti da ragewa na daƙiƙa 3 zai kunna ta ko ya kashe. Shafa yatsa dama ya kai ka abu na gaba, bugu biyu ya buɗe shi. Ya fi saurin kama wannan a kan kwamfuta, sai dai wayar ƙwaƙwalwarta kaɗan ce, takan yi nauyi murya ta makara.

Tura kuɗi da karɓarsu ta lambobin nan da ake dannawa shi ne ya ba shi wuya, don jerin zaɓin yana da wa'adi. Kafin ya gama sauraro an rufe, sai ya sake daga farko. Ya haddace jerin lambobin, ya ƙara wa muryar gudu. Yanzu gudun da yake ji da shi, ni ba na tsintar komai a ciki. Da abin kunne a kunnensa da allon a duhunce, yana danna lambar sirrinsa a tsakiyar kasuwa ba wanda ya gani ba wanda ya ji.

Wannan shi ya fi daraja a wajensa, fiye da Excel. Ya ce mini tun da ido ya tafi bai da wani abu nasa shi kaɗai: 'yarsa ta san nawa ya shigo, ta san wa ya roƙa, ta san abin da likita ya rubuta, abubuwan da uba ba ya so yarinya ta ɗauka. Ranar da ya canza lambar sirrin da hannunsa ya kira ta ya ce, “Uwata, na sallame ki. Gobe ki tafi makaranta.”

Wuta kuma ita ce wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo, idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya sai a shiga rabon wuta, daidai lokacin da albasa ke kan ganiyarta. Aka canza wa kwamfutar batir. Da yake ba ya bukatar hasken allo, yana rage shi har ƙasa, cajinsa ya fi na kowa daɗewa a layin.

Inda ake yanzu

Littafin ya dawo hannun Malam. Ɗan ƙanen Alhaji yana nan, shi ke zuwa gona da bakin mota, shi ke karɓar takardun hannu ya karanto, Malam ya shigar ya haɗa. Yarinyar ta koma aji, ko da yake shekarar da ta yi tana jagora sai da ta maimaita ta. Zuwa masallaci da kasuwa yana yi da farar sanda, asibiti ne har yanzu sai da rakiya. Yana ci gaba da ɗiga magani don ɗan hasken da ya rage, ya kuma matsa wa ƙannensa su je a auna musu ido. Biyu sun je, sauran suna ta cewa sai bayan kaka. Hausa har gobe da muryar aro yake jin ta, shafin nan na wata-wata kuma har gobe sai ya kira wani.

Maganar da ke tsakaninsa da Alhaji yanzu ta albashi ce. Alhaji yana ba shi abin da ya kai rabin na da, yana kuma ci gaba da aiko buhun masara, a ganinsa ya haɗa biyu ya kyautata. Malam ya aika masa ta bakin limamin unguwa cewa ya gode da masarar, amma a tsayar da ita, a auna aikin da yake yi a biya shi kuɗinsa. Alhaji ya ce a bari motocin ƙarshe su dawo daga Duwala su zauna.